Duriyan: Abin da Sunan Yake Nufi da Yadda Ake Amfani da Shi

Hajiya, na karanta tambayarki. Kin ce yaronki da ke karatu a Malesiya ya turo miki hoton wani ƙaton ɗan itace mai ƙaya, ya ce sunansa duriyan, wai can sarkin 'ya'yan itatuwa suke ce masa, amma kuma ana hana shiga da shi otal da jirgin ƙasa saboda wari. Kin ce sunan ya yi miki nauyi a baki har kin kasa maimaita shi a gaban ƙannensa, kina son sanin me yake nufi, kuma ko yana da suna da Hausa. Na yi shekara huɗu a ƙasar ina karatun tsirrai, na ci shi a kasuwa na ci shi a gona, don haka zan faɗa miki abin da na sani.

Sunan na harshen Malay ne, yaren da mutanen Malesiya da Burunai da Indonesiya ke yi. A yarensu "duri" ƙaya ce. Ƙayar itace, ƙayar kifi, ƙayar da ke soke ƙafa a daji, duk da wannan kalma suke kiransu. Sai su liƙa mata "an" a ƙarshe, wata ɗafa-ƙeya da suke ƙirƙirar sunan abu da ita. "Makan" ci ne, "makanan" abinci. "Minum" sha ne, "minuman" abin sha. To haka "durian" ya fito, ma'anarsa mai ƙaya, ko abin nan mai ƙaya. Akwai wani ɗan itacen nasu ja, ɗan ƙarami kamar ƙwan zabo, jikinsa duk sili-sili, suna ce masa rambutan, daga "rambut", wato gashi. Mai ƙaya da mai gashi ke nan, a tire ɗaya ake sayar da su.

Na san inda nauyin yake, kuma kunyarki a kan hanya take. Farkon sunan ya yi karo da wata kalma tamu da mai tarbiyya ba ya furtawa a cikin jama'a. Karon sauti ne kawai. Hausa da Malay ba dangi ba ne, ba su taɓa zama maƙwabta ba. Inda suka haɗu shi ne kalmomin da kowannensu ya aro daga Larabci ta hanyar Musulunci: su ma suna cewa dunia, suna cewa sabar, Khamis da Jumaat ranakun mako ne a wurinsu. Kalmar ƙaya kuwa tasu ce ta gado, malamai suna faɗarta a kan mumbari, iyaye mata suna faɗarta wa yara idan za su shiga ciyawa ba takalmi. Yaronki bai faɗi abin kunya ba.

Idan kin riƙe shi a hannu za ki gane dalilin sunan. Ki ɗauki ɗan zaƙami, ki ƙaddara ya kumbura ya kai girman kan mutum, ƙayoyinsa suka yi kauri suka taurare kamar katako, kowace mai faɗin gindi da tsinin baki. Tsawonsa yana kai santimita 30, nauyinsa daga kilo ɗaya zuwa uku, wani ya fi haka. Ba a rungumarsa, ba a ɗora shi a tafin hannu, ta kara ake ɗaga shi. Bishiyar kuma doguwa ce, a daji tana kai mita 25 zuwa 50, kuma idan ɗan ya nuna da kansa yake sakowa. Na taɓa kwana a wata gona a yankin Raub, jihar Pahang, a watan Yuli lokacin da kakarsa ta kama. Cikin dare sai ka ji ƙarar ganye sannan ka ji dim a ƙasa, kamar an jefo turmi. Mai gonar ya hana mu bi ta ƙarƙashin itatuwan sai da hular kwano, wasu rassan kuma ya ɗaure 'ya'yansu da igiya, ya shimfiɗa raga a ƙasa don kada su fashe. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri, abin da ya fara koya game da wannan ɗan itace shi ne yana iya fasa masa kai. Alfred Russel Wallace, masanin halittun nan ɗan Ingila da ya zauna a tsibirin Borniyo a wajajen 1855, ya rubuta labarin mutanen da duriyan ya faɗo musu ya yi musu mummunan rauni.

Da safe mai gonar ya sa safar hannu mai kauri, ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa yana sauraro, ya kai hanci kusa da karan ya shaƙa, sannan ya juya gindinsa sama. A nan akwai wasu layuka biyar da suka haɗu kamar tauraro. Ya cusa bakin wuƙa a mahaɗarsu ya murɗa, ɓawon ya tsage bisa layin, ya sa hannu biyu ya buɗe. A kowane ɗaki akwai curi-curin nama rawaya, kwance kamar an jera, mai laushin man shanu, kowane curi da ƙwallo a ciki. Ɗakuna biyar ɗin nan alamar dangi ce. Duriyan ɗan gidan su kuɓewa ne a ilimin tsirrai, gida ɗaya da auduga da rama da yakuwa da kuka da rimi da goro. Wanda ya taɓa ganin yadda ɗan rimi ke tsagewa ya fitar da audugarsa ya ga ƙaramin misalin wannan tsari.

Abin da ya daɗe yana ba ni sha'awa shi ne masu abin da ƙaya suka raɗa masa suna, warin nan da duniya ke surutu a kai ko kallo bai ishe su ba. Baƙi ne suka zo suka maƙale wa wari. Wani Musulmi ɗan ƙasar Sin mai suna Ma Huan, wanda ya yi tafinta a tafiye-tafiyen jiragen ruwan Zheng He, babban kwamandan ruwa na Sin, tun daga 1413, ya gan shi a tsibirin Sumatara na Indonesiya, ya rubuta cewa yana wari kamar ruɓaɓɓen naman sa, amma cikinsa fari ne mai zaƙi, kuma ana gasa ƙwallonsa a ci. A ƙarni guda ɗin, ɗan kasuwar birnin Benis na Italiya Niccolò de' Conti ya kai labarinsa Turai, ya ce kore ne, girman kankana, cikinsa kamar daskararren man shanu. Da masana tsirrai na Turai suka zo ba shi sunan kimiyya, wanda aka buga a 1774, sai suka ce Durio zibethinus. Rabin farko daga kalmar Malay ɗin nan ne. Rabi na biyu daga "zibetto" na Italiyanci, wanda shi kuma daga "zabad" na Larabci ya fito. Wannan kin san shi, Hajiya, jibda ce, turaren nan mai ƙarfi da ake samu daga jikin tunkun juda. Ana ba da dalili biyu na wannan laƙabi: wasu sun ce warin ne ya tuna musu da dabbar, wasu sun ce dabbar ce ke son ɗan itacen har ake ɗana mata tarko da shi.

Shi warin gaskiya ne, ba zan rage masa komai ba. Ranar da na fara jin sa na ɗauka tukunyar gas ce ke yoyo a kusa. Daga baya na fahimci ban yi kuskure sosai ba. Yayin da duriyan ke nuna yana fitar da sinadarai masu farar wuta, kuma ɗaya daga cikin mafi ƙarfinsu shi ne ainihin wanda kamfanoni ke zuba wa gas ɗin girki don a ji idan yana zuba, tunda shi gas ɗin ba shi da wari na kansa. Shi ya sa a 2018 aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga ɗakin karatun wata jami'a a Melbon ta Ostireliya, 'yan kwana-kwana suka zo neman inda gas ke fita, suka tarar da ruɓaɓɓen duriyan a cikin kabad. A 2017 masu bincike a Singafo sun karanta jerin ƙwayoyin gadonsa, suka ga yana da ƙarin kwafi na ƙwayoyin da ke sarrafa waɗannan sinadarai, kuma suna tashi aiki daidai lokacin nuna. Hikimar a daji take. Warin ke kiran giwa da manyan birai da sauran dabbobi daga nesa, su ci naman su kai ƙwallon wani wuri ya tsiro. Ƙaya tana tsare ɗan har ya ƙosa, wari yana shelar cewa ya ƙosa. Furensa ma da dare yake buɗewa, jemagu ne ke yi masa barbara.

Mu da muke jefa daddawa a miya bai kamata wannan ya zame mana abin mamaki ba. Baƙon da ya shiga gidan da ake shanya daddawa zai toshe hanci, mai gidan kuwa yunwa ce za ta taso masa. Haka abin yake a can. Abin da ni na kira wari su ƙamshi suke kiransa, kuma bayan kaka biyu ni ma na koma ɓangarensu. Har daddawarsa suke yi: a zuba wa naman gishiri a rufe shi kwanaki ya yi tsami, su ce masa tempoyak, a dafa kifi da shi.

Da ɗan itacen ya bazu zuwa maƙwabta, sunansa ya tafi da shi, kowa ya lanƙwasa shi daidai bakinsa. Mutanen Tailan suna cewa thurian, mutanen tsibirin Jaba na Indonesiya suna cewa duren, a Zanzibar inda ake ɗan noma shi Sawahilawa suna cewa doriani. Biyu daga cikin waɗannan sun fi burge ni, domin mutanen sun ari sautin ne sannan suka nemo masa ma'ana a cikin yarensu. A Biyetnam ya zama "sầu riêng", kalmomi biyu da ke nufin baƙin cikin da mutum ke ɗauke da shi shi kaɗai, har aka ƙaga tatsuniyar soyayya da rabuwa don a bayyana sunan. A Sin ya zama "liulian", wanda ya yi sauti ɗaya da kalmarsu ta kasa rabuwa da wuri, irin mutum ya yi sallama amma ƙafarsa ta ƙi tafiya. Su ma suna da labarin cewa ma'aikatan jirgin Zheng He ne suka ci suka ƙi komawa gida. Labaran daga baya aka gina su, asalin dai ƙayar Malay ce. Kin ga ashe ba mu kaɗai ba ne sunan ya faɗo kan wata kalma tamu. Su sun yi sa'a ya faɗo kan kalma mai daɗin faɗi.

A hannun masu shi kuma sunan ya zama ma'auni. Da Turawa suka kawo wani ɗan itace daga nahiyar Amurka, kore mai ƙaya-ƙaya masu laushi da farin nama mai tsami-tsami, ɗan uwan gwandar dajinmu, sai mutanen Malesiya suka ce masa durian belanda, wato duriyan ɗin mutanen Holan. Ba su da dangantaka ko kaɗan, ƙayar ce kawai ta haɗa su. Irin abin da muka yi ne da muka ce dankalin Turawa da gwandar Masar: baƙon abu ya zo, ka ba shi sunan na gida, ka jingina shi ga waɗanda suka kawo shi. Ki lura kuma da wani babban ɗan itace mai ƙurji-ƙurji da ake gani a kudancin Najeriya da hotunan intanet, wanda Malay ke kira nangka. Mutane da yawa suna ɗora hotonsa su rubuta duriyan. Shi wancan ya fi girma nesa ba kusa ba, jikinsa ba ya suka, kuma dangin ɓaure ne.

Sunan duriyan kansa laima ce. Akwai kusan jinsi 30 a ƙarƙashinsa, wajen tara ake ci, yawancinsu a dazuzzukan Borniyo. Akwai mai jan nama, akwai wanda suke kira durian kura-kura, na kunkuru, saboda a gindin bishiya yake 'ya'ya inda ko kunkuru zai kai. Wanda ke kasuwar duniya jinsi ɗaya ne, amma irinsa ɗaruruwa ne, kuma a nan ne suna ke zama kuɗi. Ma'aikatar gona ta Malesiya tana yi wa kowane iri rajista da harafin D da lamba tun 1934. D24 shi ne ya daɗe yana tashe. D197 shi ne wanda yanzu ya fi suna, manoma suna ce masa Raja Kunyit, sarkin kurkum, saboda rawayar namansa, kasuwa kuma ta san shi da Musang King, daga garin Gua Musang a jihar Kelantan. Musang wata dabba ce dangin tunkun juda, Gua Musang kuma kogonta ke nan, kin ga dabbar ta sake dawowa cikin sunan ta wata ƙofa. Sinawa suna kiran wannan iri Mao Shan Wang, sarkin dutsen kyanwa. D200 kuwa Duri Hitam ne, baƙar ƙaya. A Tailan babban irinsu Monthong, matashin zinariya, sai Chanee mai sunan wani biri, da Kan Yao, dogon kara. Idan yaronki ya je saye, wannan suna na biyu shi ne abin tambaya, domin farashin Musang King yana ninka na duriyan ɗin ƙauye sau da yawa, kuma akwai masu liƙa wa wani iri sunan don su ci da gumin baƙo.

Akwai kuma bambancin ɗabi'a tsakanin ƙasashen biyu. Manoman Tailan suna yanke shi daga bishiya kafin ya sako, ya ƙarasa nuna a hanya, shi ya sa yake jure tafiya kuma suka fi kowa fitar da shi waje. Na Malesiya suna jira ya faɗo da kansa, ya fi ƙarfin ɗanɗano da wari amma kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa. Kusan duk abin da ake fitarwa Sin yake tafiya. A 2023 kaɗai ta sayi sama da tan miliyan 1.4, na kuɗi fiye da dala biliyan shida.

Wannan faɗowa da kansa ita ta haifi karin maganar da na fi ji a bakinsu. Idan mutum ya samu arzikin da bai yi tsammani ba, gado ko kyauta ko wata riba ta ba-zata, sai su ce ya samu "durian runtuh", duriyan ya zubo masa. Tsuntsu daga sama gasasshe ke nan. Suna kuma cewa kamar kokwamba da duriyan, idan talaka ya ja da mai ƙarfi: ko kokwamba ta gangara kan duriyan, ko duriyan ya gangaro kanta, ita ce da rauni. Mu ƙwai da dutse muke cewa. Sunan yana kan garuruwa da unguwanni, Durian Tunggal a jihar Malaka, Duren Sawit da Tanjung Duren a birnin Jakarta. Shi kansa Jakarta ana yi masa laƙabi da Babban Duriyan, wai baƙo yana gudunsa da farko, wanda ya saba kuma ba ya iya barinsa. A Singafo, inda aka hana shiga jirgin ƙasa da shi, babban ginin wasanninsu na bakin ruwa da aka buɗe a 2002 yana da rufi mai tsini-tsini, jama'a suka raɗa masa duriyan, sunan ya bi shi.

Ya taɓa zama sunan masifa ma. Ƙasashen yankin suna ba da sunayen da ake sa wa guguwar teku bi da bi, Tailan ta ba da Durian. A ƙarshen Nuwamban 2006 guguwar da ta ɗauki sunan ta afka wa Filifin, ruwan sama ya kwaso laka da duwatsu daga dutsen Mayon mai aman wuta ya binne ƙauyuka a lardin Albay, sama da mutum dubu suka mutu ko suka ɓace. Saboda girman asarar aka cire sunan daga jerin har abada, aka maye gurbinsa da Mangkhut, sunan wani ɗan itace mai ɗan tsami da suke kira sarauniya, wanda al'adarsu ta ce a ci shi bayan duriyan don ya sanyaya jiki.

Batun sunan Hausa kuwa, ba shi da shi, domin bishiyar ba ta taɓa zama a ƙasarmu ba. Tana son ruwan sama mai yawa kusan duk shekara da iska mai laima, rani na wata bakwai da hunturu za su kashe ta tun tana dashe. Abin da ba ka noma, ba ka saye, ba ka raɗa masa suna. Ra'ayina shi ne a rubuce mu bar shi duriyan, yadda muka karɓi mangwaro da gwaiba da abarba da sunayen da suka zo da su. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya nemi bayani da wannan suna zai samu, wanda muka ƙirƙira masa wani suna kuwa mun raba shi da sauran duniya. A faɗe shi cikakke, gaba ɗaya, kada a gutsure shi, kuma a koya wa yara ma'anarsa tun farko, domin yaron da ya san ƙaya ake nufi ba zai mayar da shi abin ƙyalƙyata ba. A gaban surukai ko manya, inda harshe ya ƙi, ki ce mai ƙayar Malesiya. Ba ki kauce ba, fassarar sunan ce daidai, kuma Hausa ta saba da irin wannan tunda muna da farar ƙaya a dajinmu.

Shi kuma yaronki, ki ce masa ya ci, halal ne, Musulmin ƙasar har sadakarsa suke yi a masallatai idan kaka ta yi kyau. Ya fara da curi ɗaya ko biyu, don yana da nauyi a ciki, giram 100 na namansa yana ɗauke da kalori kusan 150. Mai ciwon sukari ya taƙaita, mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna saboda yawan sinadarin fotasiyam da ke cikinsa. Kada ya kai shi ɗakin kwanan ɗalibai, kada kuma ya sa shi a jaka ya ce zai kawo miki tsaraba, yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa yarda. Idan yana son ki ɗanɗana, akwai alewarsa da suke kira dodol da kuma soyayyen yankansa a leda, su waɗannan suna isowa gida lafiya.